Iri Ɗaya Tak Ko Gona Mai Gauraye: Wanne Ya Kamata Manomi Ya Zaɓa?

Kafin ruwan shuka ya sauka, duk mai gona, babba ce ko ƙarama, yana da shawarar da sai ya yanke. Ko dai ya cika filin daga wannan iyaka zuwa waccan da ingantaccen iri guda ɗaya, wanda aka tabbatar masa ya fi kowane iri auki, ko kuwa ya rarraba: iri biyu ko uku na amfani ɗaya, ga wake tsakanin kunyoyi, ga wani abu daban a gefe, baɗi kuma a sauya wa kowa wuri. Masu sayar da iri da masu ba da bashin noma sun fi karkata ga hanya ta farko. Masu fafutukar kare tsirrai sun fi son ta biyu, har wani lokaci su riƙa magana kamar ingantaccen iri annoba ne. A ganina kowane ɓangare akwai abin da yake tsallakewa, kuma mutumin da zai zuba guminsa da jarinsa a ƙasa ya cancanci a shimfiɗa masa maganar duka, da daɗinta da ɗacinta.

Abin da iri ɗaya ya tsinana

Ba za a yi adalci ba sai an fara da abin da ingantaccen iri ya yi wa duniya. A 1966 cibiyar binciken shinkafa ta IRRI da ke ƙasar Filifin ta fitar da wata shinkafa mai suna IR8. Sirrinta gajarta ne. Tsofaffin irin shinkafa dogaye ne, in aka ba su taki da yawa sai kai ya yi nauyi, kara ya kasa ɗauka, su kwanta cikin ruwa su ruɓe. IR8 kuwa gajera ce mai ƙarfin kara, takin da ta sha a ƙwaya yake fitowa. A gonakin gwaji ta kai kusan tan 10 a hekta, a zamanin da manoma da yawa a Asiya ke samun tan ɗaya zuwa biyu. Haka ta faru da alkama: masanin noma Norman Borlaug da abokan aikinsa a Meksiko sun ɗauko gajartar wata alkamar Japan mai suna Norin 10 suka sa wa nasu irin, kuma da irin ya isa Indiya, alkamar da ƙasar ke girba ta tashi daga kimanin tan miliyan 12 a 1965 zuwa kimanin miliyan 20 a 1970. Mutane miliyoyi sun ƙoshi saboda wannan aiki. Wanda ya raina shi bai san yunwa ba.

Ban da auki, gonar iri ɗaya tana da sauƙin sha'ani. Ta tsiro tare, ta yi fure tare, ta nuna tare. Rana ɗaya a sa taki, rana ɗaya a yi feshi, injin girbi ya shiga ya fita ba tare da ya tsaya rarrabe nunanne da ɗanye ba. Mai saye yana son ƙwaya mai girma ɗaya da launi ɗaya, domin injinsa haka yake buƙata. Malamin gona ma ya fi sanin shawarar da zai bayar, tun da a kan irin aka yi gwaji aka rubuta adadin taki da tazarar shuka. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, kuma su ne suka sa manyan gonakin duniya suka koma haka.

Sai dai sauƙin nan da manomi ya samu, cuta ma ta same shi.

Ranar da cuta ta gano hanya

Tun shekarun 1950 kamfanonin iri a Amurka suka fara amfani da wata dabarar rage aiki wajen haɗa masara mai aure, wato wadda ake samu ta hanyar barbarar iri biyu daban. Da can sai an bi layi-layi ana cire bununin uwar masara da hannu don kada ta yi wa kanta barbara. Da aka sami wata masara daga Texas wadda bununinta ba ya aiki, sai kowa ya rungume ta. Zuwa 1970, kimanin kashi 85 cikin ɗari na masarar ƙasar na ɗauke da wannan gado guda, ko da yake sunayen da ke jikin buhuna daban-daban ne. A wannan shekarar wata funfuna mai ƙona ganye, wadda ta fi ƙarfi a kan masara mai wannan gadon, ta taso daga kudu da taimakon ɗumi da laima. Kafin girbi ta cinye kimanin kashi 15 cikin ɗari na masarar Amurka baki ɗaya, a wasu yankunan kudu kuwa rabi ko fiye. Abin da ya cece su shi ne tsohon irin da ba shi da wannan gado yana nan bai ɓace ba, sai aka koma masa cikin gaggawa.

Ƙasar Ayilan da ke Turai ba ta sami wannan sa'ar ba. Talakawan ƙasar sun dogara kacokan ga dankalin Turawa, yawancinsa kuma iri ɗaya ne mai suna Lumper, saboda yana auki ko a ƙasa marar ƙarfi. Cutar ruɓa ta shigo a 1845, kuma zuwa 1852 kimanin mutum miliyan ɗaya sun mutu, wasu fiye da miliyan sun bar ƙasar. Dole a faɗi cewa ba cutar kaɗai ta kashe su ba, domin ana cikin yunwar ana fitar da abinci daga ƙasar, kuma mahukuntan Birtaniya sun gaza. Amma ƙofar da masifar ta bi ta shigo ita ce dogaro da iri ɗaya.

Ayaba kuwa labarinta bai ƙare ba. Irin da ake fataucinsa a duniya har zuwa shekarun 1950 shi ne Gros Michel, sai cutar Panama, wata funfuna da ke zaune cikin ƙasa, ta share gonakinsa a tsakiyar nahiyar Amurka. Aka maye gurbinsa da Cavendish, wanda shi ma iri ɗaya ne, kowace bishiya tamkar an yanko ta daga jikin 'yar'uwarta. Yanzu wani sabon nau'in cutar mai suna TR4 yana kashe Cavendish ɗin. Ya bi Asiya, ya shiga Mozambik a 2013, ya isa Kolombiya a 2019. Da zarar ya shiga ƙasa yakan yi shekaru da dama a ciki, feshi kuma ba ya fitar da shi.

Dalilin duk wannan ba ɓoyayye ba ne. Ƙwayar cuta tana tashi daga ganye iska ta ɗauke ta. A gonar iri ɗaya, duk inda ta faɗa abincinta ne, sai ta hayayyafa ta sake tashi. A gonar da aka surka, sau da yawa takan faɗa kan tsiron da ba ta iya kamawa, a nan tafiyarta ta ƙare. An gwada wannan a fili mai faɗi a lardin Yunnan na ƙasar Sin a 1998 da 1999, ƙarƙashin jagorancin masanin cututtukan tsirrai Zhu Youyong. Manoma suka riƙa shuka layi ɗaya na tsohuwar shinkafarsu mai danƙo, wadda cutar ƙunar shinkafa ke yi wa illa, tsakanin layukan shinkafa mai aure da ke jure cutar. A shekara ta biyu gwajin ya wuce hekta 3,000. Tsananin cutar a kan shinkafar mai danƙo ya ragu da kashi 94 cikin ɗari, yabanyarta ta ƙaru da kashi 89, har manoman suka daina feshin maganin funfuna. Ba sabon magani aka kawo musu ba, tsarin layi kawai aka sauya.

Jamus ta Gabas ta yi makamancin haka da sha'ir a shekarun 1980, a fili sama da hekta 300,000, cutar farar funfuna ta ragu ƙwarai. Bayan haɗewar Jamus a 1990 aka watsar da tsarin, domin masana'antun da ke sayen sha'ir sun fi son iri tsantsa. Wannan ya nuna inda gauraye ke da rauni, za mu dawo kansa.

Kada a ɗauka cewa kowane gauraye yana ba da irin abin da aka gani a Yunnan. Idan aka tattara gwaje-gwaje masu yawa na surka iri biyu ko uku na amfani ɗaya, ƙarin da ake samu a shekara mai lafiya ɗan kaɗan ne, kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari. A irin wannan shekarar, wanda ya dace ya shuka irin da ya fi kowanne zai iya fin mai gauraye. Matsalar ita ce ba wanda ya san irin da zai fi kowanne sai damina ta wuce.

Makon da ruwa ya ɗauke

Duk wanda ya taɓa noman masara ya san makon da gabansa ke faɗuwa: lokacin da bununi ya fito a sama, gemu ya fito a jikin goyo. Kowane silin gemu yana jiran ƙurar bununi ɗaya, kuma kowane sili ƙwaya ɗaya ce. In fari ya faɗo a wannan makon, bununi yakan riga ya zubar da ƙurarsa, gemu kuma ya makara wajen fitowa, su saɓa. Ranar girbi ka ɓare goyo ka tarar da totuwa da 'yan ƙwayoyi jefi-jefi kamar haƙoran tsoho. A gonar da ta yi fure rana ɗaya, wannan mako ɗaya ya isa ya tafi da shekara. Wanda ya raba gonarsa, sashe mai saurin nuna, sashe mai jinkiri, wani sashen kuma dawa ko gero da suka fi masara jure ƙishi, zai yi asara amma ba zai tashi hannu rabbana ba.

Masana sun ga haka a filayen ciyawa na Cedar Creek da ke jihar Minnesota ta Amurka. David Tilman da abokan aikinsa suna bibiyar filaye masu yawa lokacin da babban fari na 1988 ya auku. Filayen da ke da nau'o'in tsirrai masu yawa sun fi jurewa kuma sun fi saurin farfaɗowa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, haka ba a sanin ƙarfin gona sai shekarar da sama ta hana. Yanzu da damina ke ƙara rikicewa a sassa da yawa na duniya, ta makara, ta yanke a tsakiya, ko ta zo da ambaliya, wannan ma'auni ya fi da nauyi.

Ƙasa, taki da ciyawa

Ka tono gindin wake ko gyaɗa mai kwana arba'in, ka kakkaɓe ƙasar a hankali. Za ka ga wasu ƙulle-ƙulle a jikin saiwar kamar ƙananan duwatsun ado. Ka fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, to yana aiki: ƙwayoyin halitta ne a ciki suke janyo sinadarin naitirojin daga iska suna ba tsiron, shi kuma yana ciyar da su. Abin da manomin hatsi ke saye a buhu, wake yana ƙera wani sashe nasa a ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa mutanen Meksiko da maƙwabtansu suka yi dubban shekaru suna haɗa masara da wake da kabewa a fili ɗaya: masara ta zama sandar da wake zai hau, kabewa ta shimfiɗa ganye ta rufe ƙasa ta hana ciyawa da bushewa.

A nan ma akwai gyara. Yawancin amfanin da wake ke yi wa ƙasa, shukar da ta biyo bayansa ce ke mora, ba wadda ke tsaye kusa da shi ba. Kuma in aka kwashe ƙwaya aka kwashe harawa aka bar ƙasa tsirara, abin da ya rage kaɗan ne. Haɗa shuka ba ya hana buƙatar taki, rage ta yake yi. Sannan hatsi da waken da aka haɗa, kowannensu yakan ba da ƙasa da abin da zai bayar in shi kaɗai ne, saboda suna rabon haske da ruwa. Ribar tana cikin jimla: nazarce-nazarcen da suka tattara ɗaruruwan gwaji sun nuna cewa abin da hekta ɗaya ta haɗaka ke bayarwa, sai an sami kimanin hekta 1.2 zuwa 1.3 kafin a same shi in aka shuka kowanne daban. Ga mai ƙaramin fili wannan babbar magana ce. Ga mai fili har ya rasa yadda zai yi da shi, ƙarancin hannu ne damuwarsa, ba ƙarancin ƙasa ba.

Maimaita abu ɗaya a wuri ɗaya kowace shekara kuwa, an daɗe da sanin ƙarshensa. A Jami'ar Illinois da ke Amurka akwai filayen gwaji na Morrow da aka fara tun 1876. Ɓangaren da ake shuka masara bayan masara kullum yana baya da ɓangaren da ake karɓa-karɓa, ko da an ba su taki iri ɗaya. Ƙwari da cututtuka da ciyayin da suka saba da amfani ɗaya sukan zauna daram su yi gida. Manoman auduga a kudancin Amurka sun ɗanɗana wannan: shekara da shekaru shuka ɗaya, maganin ciyawa ɗaya mai suna glyphosate, har wata ciyawa 'yar'uwar alayyafo ta saba da shi. An tabbatar da haka a jihar Jojiya a tsakiyar shekarun 2000, kuma manoma masu manyan injina suka koma ɗaukar 'yan ƙwadago suna cire ta da hannu.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Kenya, aikin Zeyaur Khan da abokan aikinsa tun shekarun 1990. Ana shuka wani tsiro dangin wake mai suna desmodiyam tsakanin layukan masara, a kewaye gonar da doguwar ciyawar Napiya. Ƙanshin desmodiyam yana korar malam-buɗe-littafin da ke haifar da tsutsar kara, ciyawar gefe kuma ta janyo shi ya zuba ƙwai a kanta, inda yawancin tsutsar ba ta rayuwa. Ana cikin haka aka lura da abin da ba a nema ba: saiwar desmodiyam tana yaudarar ƙwayar ƙuduji ta tsiro, sannan ta hana ta kama saiwar masara, sai ta mutu. Ga abincin dabbobi kuma daga duka biyun. Amma shekarar farko aiki ne ja, irin desmodiyam ba ko'ina ake samu ba, kuma tsarin ya fi amfani ga mai dabbobin da zai ba ciyawar.

Inda gauraye ke ciwo

Aiki. Wannan ce babbar matsalarsa, kuma masu yabonsa ba su cika faɗa ba. Gona mai abu uku tana da lokacin shuka uku da lokacin girbi uku. Maganin ciyawar da hatsi ke jurewa yana iya ƙone wake, don haka sai fartanya. Injin girbi ba ya son haɗaka, sai dai in an yi ta fale-fale masu faɗin da zai iya bi. Kasuwa takan rage wa hatsin da ya surku daraja. Mai ba da bashi da mai inshora sun fi gane lissafin abu ɗaya. Sannan tana buƙatar sani: wane iri ne ke jure inuwa, wanne zai danne wanne, yaushe za a shigar da na biyu. Haɗin da bai dace ba yana iya sa a tashi ba tsuntsu ba tarko.

Shi ma irin gado ba waliyyi ba ne. Wani yana da jinkirin nuna da bai dace da daminar da ta gajarce ba. Wani yana tafe da cuta a jikin ƙwaya daga shekara zuwa shekara. Da yawa ba sa biyan kuɗin takin da aka zuba musu. A ɗaya hannun, iri mai aure yana ba da auki amma ba a ajiye shi: in ka shuka 'ya'yansa sai su rarrabu, wani dogo wani gajere, yabanya ta ragu, dole kowace shekara a koma saye. Tsakaninsu akwai ingantaccen iri marar aure, wanda ake iya ɗiba daga gona a maimaita shekara biyu ko uku kafin a sabunta. Manoma da yawa ba su ba wannan na tsakiyar muhimmancin da ya kamata ba.

Daga ina ingantaccen iri ke samun ƙarfinsa?

Wannan tambayar ce ta sa na daina ganin hanyoyin biyu a matsayin kishiyoyi. Mai inganta iri ba ya ƙirƙirar juriya daga babu, nemo ta yake yi. A shekarun 1970 wata cuta mai tsumburar da shinkafa ta addabi Asiya. Masanan IRRI suka tantance dubban samfura, suka sami juriyar a samfuri guda na wata shinkafar daji daga Indiya, Oryza nivara, abin da mai wucewa zai kira ciyawa. Daga ita juriyar ta shiga ingantacciyar shinkafa mai suna IR36, wadda ta mamaye miliyoyin hekta. Shinkafar da ke iya yin kusan mako biyu a nutse cikin ambaliya ta tashi, irin su Swarna-Sub1 da aka saki a Indiya a 2009, ta gaji haka ne daga wani tsohon iri marar auki mai suna FR13A da manoman jihar Odisha ta Indiya suka riƙe. Juriyar farar funfuna da sha'ir ɗin Turai ya daɗe yana dogaro da ita, daga sha'ir ɗin manoman Habasha aka samo ta.

Kuma buƙatar ba ta ƙarewa, domin cuta ma tana sauya kama. Tsatsar alkama mai suna Ug99, da aka gano a Yuganda a ƙarshen shekarun 1990, ta karya kariyar da alkamar duniya ta yi shekaru tana fakewa da ita, ta bi Kenya da Habasha da Yaman har Iran. Duk lokacin da haka ta faru sai a koma rumbun tsofaffin iri da danginsu na daji.

Rumbun nan kuwa yana raguwa. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 75 cikin ɗari na bambancin irin amfanin gona ya salwanta a ƙarni na 20. Rahotonta na 2019 ya ce a cikin nau'o'in tsirrai kusan 6,000 da ɗan'adam ya taɓa nomawa don abinci, guda 9 kacal ke ba da kashi 66 cikin ɗari na duk abin da ake girba. Lambun binciken tsirrai na Kew da ke Ingila ya ƙiyasta a 2020 cewa biyu cikin kowane nau'i biyar na tsirran duniya na fuskantar barazanar ƙarewa. Sare daji, kiwon da ya fi ƙarfin fili, faɗaɗar birane, sauyin yanayi da yaƙi duk suna ciki. Amma ga irin gona, babban dalilin shi ne mafi shiru: sabon iri ya zo, kowa ya karɓa, tsohon ya yi shekara uku ba a shuka shi ba, ya mutu a cikin tulu ba wanda ya lura. Tare da shi ake rasa bishiyoyi da furannin gefen gona da ke ciyar da ƙudan zuma, alhali fiye da kashi 75 cikin ɗari na manyan nau'o'in amfanin gona suna cin moriyar barbarar da ƙwari da tsuntsaye ke yi.

Wani zai ce ai akwai bankunan iri. Akwai, kuma sun cancanci girmamawa. Lokacin da sojojin Jamus suka yi wa birnin Leningrad na Rasha ƙawanya daga 1941 zuwa 1944, wasu ma'aikatan cibiyar adana iri da masanin tsirrai Nikolai Vavilov ya gina sun mutu da yunwa a tsakiyar buhunan shinkafa da gyaɗa da suke gadi, ba su ci ba. Ma'ajiyar Svalbard da ke Norwe, da aka buɗe a 2008 cikin dutse mai ƙanƙara, tana riƙe da samfura sama da miliyan ɗaya, kuma ta yi rana a 2015 lokacin da yaƙin Siriya ya raba cibiyar binciken noma ta ICARDA da ma'ajiyar irinta da ke birnin Halab, aka ɗebo kwafin aka sake shukawa a Labanan da Maroko. Sai dai ƙwayar da ke cikin sanyi a tsaye take. Ba ta haɗuwa da sabon zafi ko sabuwar cuta balle ta saba da su. Ba a daskarar da sanin manomin da ya san wace ƙasa take so. Ayaba da rogo da doya kuma ba a ajiye su a ƙwaya kamar hatsi, sai a gona ko a ɗakin gwaji. Irin da ake shukawa kowace shekara, ana zaɓen mafi kyau ana mayarwa, shi ne ke tafiya tare da zamani.

To wa ya kamata ya zaɓi wanne?

Tambayar da zan fara yi wa mai neman shawara ba "nawa kake son samu?" ba ce. Zan tambaye shi: in shekara ɗaya ta lalace gaba ɗaya, za ka iya tashi? Wanda ke da ban-ruwa, da injina, da inshora, da mai sayen da suka yi yarjejeniya, yana iya ɗaukar kasadar amfani ɗaya a fili ɗaya, kuma lissafi na iya goyon bayansa. Ko shi ɗin ba zan ba shi shawarar iri ɗaya a duk gonar ba. Ya raba filayensa tsakanin iri biyu ko uku da ba uwa ɗaya suka fito ba, ya tambayi mai sayarwa wace juriya kowanne ke ɗauke da ita, domin abin da ya faru a 1970 ya nuna suna daban ba ya nufin gado daban. Ya yi karɓa-karɓa da dangin wake, ya sauya maganin ciyawa, ya bar gefen gona da bishiyoyinsa. Duk wannan ba ya hana inji aiki.

Wanda kuwa ruwan sama kaɗai ya dogara da shi, filinsa kaɗan ne, kuma daga gonar iyalinsa ke ci, a wurina amsarsa a fili take: gauraye. Ba don ya fi auki a shekara mai albarka ba, sai don shekarar da ba ta zo da kyau ba ita ce ke sa a sayar da dabba, a ci bashi, wani lokaci a sayar da gonar kanta. Amma kada ya juya wa ingantaccen iri baya. Ya sa shi a sashen da ya fi ƙarfi, inda takin da ya iya saye zai biya, sauran kuma ya ba irin da ya san halinsa.

Mai shiga noma sabo, ko mai son sauya tsari, kada ya juya gonar duka a damina ɗaya. Ya ware 'yan kunyoyi, ya shuka sabon tsarin gefe da gefe da wanda ya saba, ranar shuka ɗaya, taki ɗaya. Ya rubuta kwanakin aikin da kowanne ya ci, ba buhunan da ya bayar kaɗai ba. Ya yi haka damina uku, domin damina ɗaya ba ta isa shaida.

Tsohon irin da ke hannunsa kuma, ko da ya yanke shawarar barinsa, ya ware masa kunyoyi biyar ko goma kowace shekara, nesa kaɗan da danginsa in mai karɓar barbara ne kamar masara ko gero. Kafin girbi ya zaga da kansa ya ɗaura ƙyalle a kan tsirran da suka fi lafiya a tsakiyar fili, ba na bakin hanya ba, kuma ya ɗiba daga tsirrai masu yawa, ba daga uku ko huɗu da suka fi girman kai ba, don kada irin ya ƙuntata. Ya shanya har ƙwaya ta riƙa ƙaras in an ciza, ya zuba a abin da iska ba ta shiga, ya rubuta suna da shekara a jiki. Rabi ya ajiye, rabi ya ba wani manomin da gonarsa ke nesa da tasa.